Mu Koyi Sana'a: Darasin Farko Na Saƙar Kwarashi

 

A wannan wata za mu ɗan ajiye alli mu ɗauki zare. Dalili kuwa shi ne ƙorafin da muke yawan ji daga bakin iyaye mata a nan Sakasaka da kewaye. Yarinya ta ga ƙawarta tana saƙa, ta matsa lamba aka sayo mata kwarashi da dunƙulen zare, ta yi kwana uku tana fama, abin ya fito a karkace, sai ta cusa shi ƙarƙashin gado ta ce ita ba ta da hannun saƙa. To, mu da muka daɗe a aji mun san ba wanda aka haifa da hannun saƙa, da koyo akan iya. Abubuwa uku ne suke kayar da mai koyo: matse zare, da rashin ƙirge, da rashin sanin yadda ake juyawa a ƙarshen layi. Duk wanda ya shawo kan ukun nan ya kama hanya. Balle mu mutanen Sakasaka, da sunan unguwarmu yake faɗa wa kunnen Bahaushe kamar ana cewa "saƙa-saƙa", ai abin kunya ne a ce an bar mu a baya.

Me ya kai malamin makaranta ga zancen zare?

Kowa ya san halin da ake ciki. Da zarar an yi hutu, ko an gama jarrabawar ƙaramar sakandare, sai a ga 'yan mata daga garuruwa da ƙauyukan Arewa sun hau mota zuwa Kudu, su je su yi dako a kasuwar Kejetia ta Kumasi ko Makola ta Ankara. Kalmar kayayo ma da ake kiransu da ita rabinta tamu ce, domin "kaya" Hausa ce, "yoo" kuwa mace ke nan da harshen Ga. Da yawa daga cikinsu abin da ya fitar da su daga gida bai wuce kuɗin littafi da sabulu da kayan ɗaki ba, amma wasu ba sa sake komawa aji. Ba mu ce kwarashi zai kawar da talauci daga Arewa ba. Abin da muka ce shi ne, ga sana'a da ba ta neman shago, ba ta neman keken ɗinki, ba ta neman wutar lantarki. Jarinta ƙarfe ɗaya ne da bai kai tsawon fensir ba, da dunƙulen zare. Ana yin ta a zaune a tsakar gida, a gaban idon uwa, bayan an gama aikin makaranta.

Wannan ba mu muka fara ganinsa ba. Kalmar kwarashi daga Faransanci ta samo asali, inda take nufin 'yar ƙugiya, ta biyo ta Turanci ta iso gare mu. Tun a shekarar 1823 wata mujalla ta ƙasar Holan mai suna Penélopé ta buga bayanin yadda ake wannan saƙa. Da yunwa ta faɗa wa ƙasar Ailan daga 1845, bayan cuta ta lalata dankalin da suka dogara da shi, sai aka shiga koya wa mata da yara saƙar leshi da kwarashi, ana kai wa ƙasashen waje ana sayarwa, gidaje da yawa da wannan suka rayu.

Mu ma zare ba baƙonmu ba ne. Kakanninmu mata sun yi kaɗi da mazari, kakanninmu maza da suka zo Salaga fataucin goro sun zo da rini da ɗinkin riga da na hula. Har gobe maza ne suke zama a masaƙa a Daboya da Yendi suna fitar da ƙyallen batakari. Saboda haka kada wani yaro ya ce saƙa aikin mata ce. Darasin nan na kowa ne.

Kayan aiki

Kwarashi lamba-lamba ne, ana rubuta kaurinsa da milimita a jikinsa. Mai koyo ya nemi mai lamba 4, ko 4.5, na ƙarfe mai santsi. Ƙananan nan masu lamba 2 ko ƙasa da haka na siririn zaren hula ne da leshi, a bar su sai hannu ya faɗa.

Zare kuma a nemi matsakaici, wanda ba shi da gashi-gashi, mai launi mai haske kamar ruwan ƙwai ko shuɗi mai haske. Baƙin zare da ja mai duhu suna ɓoye idon saƙa, mai koyo ba zai ga inda zai zura kwarashi ba. A sani kuma, yawancin abin da muke kira ulu a kasuwar Aboabo da babbar kasuwar Tamale ba gashin tunkiya ba ne, zaren roba ne da ake kira akirilik. Yana da araha, yana jure wanki, ya dace da koyo, amma yana narkewa in ya ji wuta. Sai almakashi, da allura mai babban hanci, da fil guda 2 na yin alama. Shi ke nan.

A cikin wannan darasi, kowane zagayen zare da ya hau kan kwarashi ko ya zauna a jikin saƙa za mu kira shi ido.

Mataki na ɗaya: riƙo da ƙullin farko

A riƙe kwarashi a hannun dama, ko dai kamar fensir ko kamar yadda ake riƙe wuƙar yanka albasa, duk wanda ya fi daɗi. Zare kuma a hannun hagu: a zagaya shi a ƙaramin yatsa, ya bi ta tafin hannu, ya hau kan yatsan nuni. Babban yatsa da na tsakiya su ne za su riƙe gindin aikin. Bahago ya juya komai, kada a tilasta masa canja hannu. Mai koya masa ya zauna suna fuskantar juna, shi kuma ya kwaikwaya kamar mai duba madubi.

Ƙullin farko zarge ne. A bar jelar zare kamar santimita 15, a naɗa zaren ya zama zobe, a zura kwarashi a cikin zoben, a jawo zaren da yake zuwa daga dunƙule, sannan a ja har ya kama kwarashi. Ya kama, amma kada ya shaƙe. In ba ya zamewa gaba da baya cikin sauƙi, ya yi tsauri.

Mataki na biyu: sarƙa

Sarƙa ita ce harsashin ginin. A naɗa zare a kan kwarashi daga baya zuwa gaba, ƙugiya ta kama shi, a jawo shi ta cikin idon da yake kan kwarashi. An yi sarƙa 1 ke nan. A maimaita. Kowace sarƙa in an dube ta daga gaba tana kama da harafin V.

A nan matsala ta farko take. Kwarashi yana da siririn wuya kusa da ƙugiya, yana kuma da jiki mai kauri a bayan wuyan. Mai koyo yakan bar ido a kan wuyan ya ja zare da ƙarfi, sai idon ya fito ƙarami, in aka dawo layi na gaba kwarashi ya ƙi shiga. Maganin abin shi ne a riƙa tura kowane ido ya hau jikin kwarashi kafin a naɗa zare, domin jikin ne ma'aunin ido. A saki kafaɗa, a sassauta yatsu. Shawararmu ita ce ranar farko kada a wuce nan. A yi sarƙa 50, a warware, a sake, har idanun su fito kai ɗaya. Yaron da bai iya ja da baƙi ba ba a ba shi rubutun wasiƙa.

Mataki na uku: gajera

Ɗinkin farko da za mu koya mun sa masa suna gajera. A yi sarƙa 21. Idon da yake kan kwarashi ba ya cikin lissafi, a riƙe wannan da kyau. A tsallake sarƙa ta farko da take dab da kwarashi, a zura a ta biyu. A naɗa zare, a jawo shi ta cikin sarƙar, yanzu akwai ido 2 a kan kwarashi. A sake naɗa zare, a jawo ta cikin biyun gaba ɗaya. Ido 1 ya rage, an yi gajera 1. A shiga sarƙa ta gaba a yi haka, har ƙarshe. In an yi daidai za a samu gajera 20.

Yanzu ga juyi. A yi sarƙa 1, wadda ita ce tsanin hawa layi na gaba, ba a ƙirga ta. A juya aikin kamar ana buɗe shafin littafi. A duba saman layin da aka gama, za a ga jerin V. A zura kwarashi a ƙarƙashin ƙafafu biyu na V ɗin farko, a yi gajera, a sa fil a jikinta. A ci gaba har V na ƙarshe. Shi wannan na ƙarshen yakan kwanta a gefe ya ɓuya, shi ne wanda masu koyo suke tsallakewa. Amfanin fil ke nan: in an dawo, inda fil yake nan ne ƙarshen layi.

A ƙirga a ƙarshen kowane layi, da baki, kamar yadda 'yan aji ɗaya suke yi. 20 aka fara da shi, 20 za a gama da shi. A yi layi 20, sannan a yanke zare a bar santimita 15, a jawo jelar ta cikin idon ƙarshe a ja, a sa allura a ɓoye jelar a cikin saƙa.

Saƙa tana faɗin laifin mai ita

In aikin yana tsukewa yana hawa kamar jinka, ana tsallake idon farko ko na ƙarshe ne. In yana faɗaɗa kamar bakin tasa, ana zura kwarashi sau biyu a ido ɗaya, ko ana yin ɗinki a cikin sarƙar juyi. In gindin ya lanƙwashe kamar baka, sarƙar harsashi ta fi sauran tsauri, sai a yi sarƙar da kwarashi mai lamba 5, a koma 4 a layin farko. In zare yana tsagewa, ƙugiya tana shiga tsakiyar zaren ne, a rage gaggawa.

Wani daɗin kwarashi shi ne ido ɗaya kaɗai yake a buɗe a kowane lokaci, ba kamar saƙar kibiya biyu ba, inda idanu da yawa suke jere, in ɗaya ya kuɓuce ya yi ɓarna har ƙasa. A nan in an ga kuskure sai a zare kwarashi, a ja zare a warware zuwa wurin, a mayar da kwarashi a ci gaba. Zaren bai lalace ba. Gwanaye ma suna warwara, sai dai ba sa shelantawa.

Mataki na huɗu: doguwa

Wanda ya iya gajera ya kusa iya doguwa. Bambancin shi ne ana naɗa zare tun kafin a zura. A naɗa, a zura a ido, a naɗa, a jawo, ga ido 3 a kan kwarashi. A naɗa, a jawo ta cikin 2 na farko, saura 2. A sake naɗawa, a jawo ta cikin biyun. An yi doguwa 1. Tun da ta fi gajera tsawo, tsaninta sarƙa 3 ne, kuma ita wannan sarƙa 3 ana ƙirga ta a matsayin doguwa 1. Saboda haka in an juya ba a shiga idon da yake gindin tsanin, sai na gaba da shi, in an zo ƙarshen layi kuma a yi doguwar ƙarshe a kan tsanin layin baya.

Gargaɗi ga masu duba tsofaffin littattafan makaranta da masu kallon darasi a YouTube. Turawan Ingila da na Amurka ba su daidaita a kan sunaye ba. Gajerarmu Amurkawa suna ce mata "single crochet", Ingilishi kuwa "double crochet". Doguwarmu ita ce "double crochet" a wurin Amurkawa, "treble" a wurin Ingilishi. Ga suna ɗaya a kan ɗinki biyu. In littafi ko mai darasi ya ambaci "single crochet", to lissafin Amurka yake bi.

Zanen farko: murabba'in kaka

Da sarƙa da doguwa kaɗai ana fitar da wani sanannen zane mai kusurwa huɗu da Turawa suke danganta shi ga kaka, domin tsofaffi ne suka saba yin sa da guntayen zare. Sai an ƙara koyon abu guda, wato haɗi: a zura, a naɗa, a jawo ta cikin idon da kuma wanda yake kan kwarashi a ja ɗaya.

A yi sarƙa 4, a haɗa ta ƙarshe da ta farko ya zama zobe.

Zagaye na 1: sarƙa 3, sai doguwa 2 a cikin ramin zoben, sai sarƙa 2. Sannan doguwa 3 da sarƙa 2, har sau uku. A haɗa a kan sarƙa 3 ta farko. An samu gungu 4, doguwa 12, da ramin kusurwa 4.

Zagaye na 2: a bi da haɗi har a isa ramin kusurwa mafi kusa. A cikinsa a yi sarƙa 3, doguwa 2, sarƙa 2, doguwa 3. Sai sarƙa 1. A kowace kusurwa da ta rage a yi doguwa 3, sarƙa 2, doguwa 3, sai sarƙa 1. A haɗa. Doguwa 24.

Zagaye na 3: kusurwoyi kamar na baya. A ramin da sarƙa 1 ta bari a kowane gefe kuma a yi doguwa 3, da sarƙa 1 tsakanin gungu da gungu. Doguwa 36.

Masu lura sun ga kowane zagaye yana ƙaruwa da 12. Ga jadawalin sau 12 ya fito daga aji ya shigo tsakar gida. Wannan zane yana yi wa mai koyo sauƙi domin a cikin manyan ramuka ake zura kwarashi, ba a neman ƙaramin ido. Ana iya canja launi a kowane zagaye. In kowane murabba'i ya kai santimita 10, guda 64, wato 8 a tsaye 8 a kwance, in aka haɗa su da allura za su ba da mayafin jariri mai kimanin santimita 80. Guda 2 a rana, cikin kwana 32 an gama. Da yayyafi kogi kan cika.

A kula da abu biyu. Zaren roba na hunturu ne, kada a naɗe jariri da shi a zafin Maris da Afrilu, lokacin da Tamale takan kai digiri 40. Na zafi sai zaren auduga. Sannan a nisanta kayan roba daga kurfoti da fitila, kada a yi abin sauke tukunya da shi, kada kuma a ɗora masa dutsen guga mai zafi.

Zancen kasuwa

Kada mu ruɗi kowa. Kasuwa cike take da rigunan sanyi na gwanjo da hulunan kamfani masu araha, mai saƙa da hannu ba za ta iya gasar farashi da su ba. Inda ta fi su shi ne aikin da aka yi don mutum: launin da uwa ta zaɓa don ranar suna, hular da aka auna kan mai ita, jakar da ta dace da zanen biki. Abin da injin kamfani yake fitarwa kwaikwayon kwarashi ne, na ainihi har yanzu hannu ne yake yin sa.

Saboda haka mai shirin sayarwa ta ajiye ɗan littafi. Ta rubuta sidi nawa zare ya ci, awa nawa aikin ya ɗauka, sannan ta yanka farashi. Da yawa suna lissafa zare su manta da lokacinsu, su yi wata guda suna yi wa mutane aikin banza. Ta karɓi kafin alƙalami wanda zai sayi zaren kafin ta fara, ko da mai aikin gwaggonta ce, cikin ladabi: "Gwaggo, ki taimaka da na zare, sauran sai na kawo." Ta kuma sayi zaren aiki ɗaya a lokaci ɗaya, domin launi yakan ɗan bambanta daga rini zuwa rini. Ribar farko ta koma zare, ta biyu ta shiga adashi.

Kira ga iyaye da malamai

Tun gyaran ilimi na 1987, wanda ya kawo ƙaramar sakandare, aka sa koyon sana'a a cikin manhajar makarantunmu, amma duk malami ya san yara masu yawa da kayan aiki kaɗan ba sa barin hannu ya faɗa a aji. Gida ne zai cike giɓin. A kusan kowane lungu na zango akwai Hajiya ko Inna da ta iya kwarashi tun tana budurwa, yanzu ta ajiye. Muna roƙon magajiyoyi da shugabannin makarantun Islamiyya su nemo su, a ware awa ɗaya ranar Asabar, yara biyar-biyar ga mai koyarwa ɗaya. Gani ya kori ji, abin da muka cika shafi muna bayani, hannun Inna zai nuna shi cikin minti biyar. Iyaye kuma in yaro ya kawo aikinsa na farko a karkace, kada a yi masa dariya, a ce ya ƙirga a ji. Sharaɗi ɗaya dai, littafi kafin zare.

Aikin gida na wannan wata: ƙyalle ɗaya na gajera 20 layi 20 mai gefe a miƙe, da murabba'in kaka guda 4 masu girma ɗaya. Mai son mayafinsa ya riski hunturun Disamba ya fara yanzu, ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya gamu da matsala ya rubuto ta hannun edita, ya faɗi lambar kwarashinsa da yawan idon da ya fara da shi da wanda ya ƙare da shi, za mu amsa a wannan fili.

A wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu ɗauki saƙar zagaye, mu fitar da hular jariri da farar hular nan ta maza da ake zuwa masallaci da ita. Allah ya sa albarka a hannuwanmu da na 'ya'yanmu, amin. Mu kwana nan.